Tiren da Ya Fito a Hoto

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, karatun jinya kuma yana tafiya daidai. Ya haƙorin nan, ya bar ki kin huta? Mama tana gaishe ki, ta ce ki daina zama da yunwa, ba wanda ya aike ki ki rame.

Kada ki yi mamakin ganin takarda. Tsoro nake ji in rubuta wannan a wayar Mama, shi ya sa na ba direban da ke bi ta makarantarku.

Yaya, hankali ya tashi a wurin aikin Baba. Wani ya buɗe shafi a intanet da sunan kamfanin sabulunsu, har da tambarinsu, alhali ba su suka buɗe ba. Da farko ba su damu ba, tunda yabon sabulun ake yi, ana amsa tambayoyin mutane. Amma makon jiya shafin ya rubuta cewa duk wanda sabon sabulu mai ruwan ɗorawa ya sa wa ƙaiƙayi ya dakata da shi. Masu shaguna sun fara mayar da kaya. Manaja ya tara ma'aikata, ya rantse sai ya gano mai shafin, kuma in na ciki ne, kora ce da 'yan sanda. Ya ɗauko wani mai binciken irin wannan, ma'aikata suna ce masa Mai Tabarau.

Baba ya rage cin abinci. In ya dawo sai ya zauna a bakin ƙofa yana shafa mai a hannayensa. Kin dai ga yadda suka tsattsage lokacin hutunki. Yanzu sun fi haka.

Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Shiru-shiru

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ina fatan jarrabawarku ta zo da sauƙi. Ban ga amsarki ba, amma ba zan iya jira ba.

Mai Tabarau ya gano wani abu. Sabulan da ke hotunan shafin duk tambarinsu a karkace yake. Kin san irin waɗannan ba sa zuwa kasuwa. Masu yagaggiyar takarda ake ba 'yan ɗakin naɗi, masu karkataccen tambari kuwa 'yan ɗakin yanka sabulu kaɗai ake raba wa. Ɗakin Baba ke nan. Yanzu an karɓi wayoyinsu ana dubawa. Ta Baba ko hoto ba ta ɗauka, har abokan aikinsa suna tsokanarsa wai a mayar masa da rediyonsa. An fi zargin Dogo, abokin aikin Baba wanda matarsa ta haihu kwanan nan, don shi ne mai babbar waya.

Jiya a makaranta na roƙi ƙawata ta buɗe mini shafin. Yaya, da na ga hoton, nan take na gane. An jera sabulan a kan shuɗin tire mai furanni, bakinsa a ɗan gutsure, daidai inda na taɓa kayar da shi. Irinsa biyu Mama take da su, ɗaya yana kan teburinmu, mai gutsuren kuma ta ba ki ranar tafiyarki. Sabulan kuma su ne waɗanda Baba yake cusa miki a jaka duk lokacin da za ki koma.

Ban faɗa wa kowa ba. Na san ba mugunta kika yi ba, abin da sabulun ya yi wa hannayen Baba kika gani. Amma ko sallama aka yi a ƙofa sai gabana ya faɗi. Malamar lissafi ta tambaye ni ko ba ni da lafiya, na kasa ɗaga kai. Don Allah ki yi wani abu.

Taki,
Shiru-shiru

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kin tashi lafiya. Takardarki ta iso, na kuma ga kin cire sunan kamfanin daga shafin. Sai dai an makara.

Ranar Laraba Mai Tabarau ya kira 'yan ɗakin yanka ɗaya bayan ɗaya, ya ƙara wa hoton girma yana nuna musu. Baba ya dawo gida. Ya ɗauki tiren teburinmu ya daɗe yana kallo. Nan Mama ta gane. Ta fizge shi ta tura ƙarƙashin gado, tana roƙonsa ya yi shiru, tunda ba wanda ya san kayan ɗakinta.

Washegari aka dakatar da Dogo. Matarsa ta zo gidanmu da jaririn a baya tana kuka, tana neman Baba ya sa baki. Ni na kawo mata ruwa. Tana fita Baba ya sa takalminsa ya tafi wurin Manaja, ya gaya masa 'yarsa ce.

An mayar da Dogo aiki. Baba kuma an ce ya zauna a gida, ranar Litinin ya zo da ke. Ba mu san ko za su kira 'yan sanda ba. Mama ba ta daina kuka ba, ni ma ban iya karatu.

Na zaci Baba zai yi fushi da ke. Abin da ya ce in rubuta miki shi ne, kin yi ganganci da kika ari sunan da ba naki ba, kuma da bakinki za ki ba su haƙuri a kan wannan. Amma maganar ƙaiƙayi kada ki janye ta. Tun jiya ya daina shafa mai, wai yana so Manaja ya ga hannayen yadda suke.

Da safen nan da kansa ya durƙusa ya jawo tiren daga ƙarƙashin gado, ya goge, ya mayar kan tebur. Ya ce ki taho da naki.

Zan jira ki a tasha ranar Lahadi. Har yanzu ina jin tsoro, Yaya, amma ni zan riƙe miki jakar.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Shiru-shiru