Na Samu Dogon Ɗan Wasa, Ubansa Ya Hana

Zuwa ga Malam Tijjani, mai filin shawarwari,

Assalamu alaikum. Don Allah Malam ka taimake ni, don a nan unguwarmu Tandabawi an mai da ni mujiya, wasu dattawan ko gaisuwata da ƙyar suke amsawa. Amma bari in faɗa maka tun farko, ban rubuto don a ce in janye ba. Ka yi haƙuri da Hausata, a Makka aka haife ni, kakana ne ya zo daga Katsina. Jaridarku ma sai alhazai sun kawo nake samu.

Ni malamin motsa jiki ne a wata kwalejin horar da malamai a nan Makka, ni ne kuma mai horar da 'yan ƙwallon kwando. Wasa ne na mutum biyar-biyar, ana jefa ƙwallo cikin kwandon da aka rataye can sama. Shekara uku ke nan 'yan Jidda suna lallasa mu. Yarana ba ragwaye ba ne, gudu kam Allah ya ba su, amma duk gajeru ne. Su kuwa 'yan Jidda suna da wani zanƙalele da ba ya ko gumi, tsayawa kawai yake ƙarƙashin kwando yana tsinkar ƙwallo kamar mai tsinkar lemo.

Bana ina da sunaye goma sha ɗaya cikin sha biyun da ake rubuta wa ƙungiya, saura gurbi ɗaya. Mudir, wato shugaban kwalejin, ya ce duk wanda na kawo zai ba shi wurin karatu, in dai yana da takardar gama makarantar tsakiya. Ranar ɗaya ga Rajab na wannan shekara ta 1385 zan miƙa sunayen. Wata uku na yi ina yawo da igiyar awo a aljihu, unguwannin Kudai da Ka'akiyya, kasuwa, har wurin masu ga-ruwa. Dogaye na gan su. Wani ya kai shekara arba'in, wani ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama, wani kuma in ka jefa masa ƙwallo sai ya kauce yana kare fuska.

Wata Juma'a bayan la'asar ina ɗawafi na ga wani dogon yaro, Hadi. Ka san shibriyya, ɗan gadon nan da mutum huɗu ke ɗauka a ka, su yi wa tsofaffi da marasa lafiya ɗawafi a kai. Shi ne a gaba ta hagu. Malam, na ga yaro yana ratsa cunkoso da tsoho a kansa, ya tsaya cak, ya goce gefe, ya juya, gadon ko girgiza bai yi ba. Abin da nake shekara ina koya wa yarana da ƙafa, shi ya iya tun bai san sunan wasan ba. Allah ya gafarta mini, na manta zagaye na nawa nake, sai da na sake ɗawafin daga farko.

Na bi shi bayan sun sauke. Shekararsa goma sha tara, haifaffen nan ne, takardunsa cikakku, har makarantar tsakiya ta yamma ya yi ya gama, takardar tana kwance cikin akwatin uwarsa tana jiran asu. Na ba shi ƙwallo. Mako shida muna haɗuwa bayan sallar asuba kafin rana ta yi zafi. Gaskiya ban tambayi ubansa ba, don ban ga amfanin ta da ƙura ba kafin in san ko zai iya. Ya kuwa iya. Yanzu ba yaron da ke ƙwace ƙwallo a hannunsa.

Da na tabbata, sai na ba shi takardar shiga ya kai wa ubansa, Baba Rabe, ya dangwala yatsa. Washegari yayansa Salihu ya dawo mini da ita a ninke yadda na bayar. Na shirya na tafi gidan da kaina.

Baba Rabe ya karɓe ni, aka kawo shayi, akwai baƙi biyu a wurin. Ya yi mini bayani a tsanake. Su huɗu ne masu ɗaukar: shi, Salihu, Hadi, da ɗan ƙanensa Mukhtaru, kuma tsayinsu ɗaya. Ya ce wannan ne jarinsu, don shi ne masu jagorancin alhazai ke neman su da suna, gadonsu ba ya karkata. Ya ce kafin Hadi ya kawo ƙarfi, shekara biyu suna aiki da wani gajere yana haɗa gammo biyu, har ranar da wani tsoho ya zame saura ƙiris ya faɗo a gaban jama'a. Ya ce ga Rajab da azumi sun tunkaro, ga mausim, wato lokacin aikin hajji, a bayansu, in na cire Hadi na cire tukunyar gida uku daga kan murhu. Ya ƙara da cewa duk wannan don a je a yi tsalle-tsalle da gajeren wando.

Maganar wandon nan ce ta ɓata mini rai. Na ce masa ya dubi wuyansa, wanda in zai waiwaya sai ya juya jikinsa gaba ɗaya, ko haka yake so ɗansa ya ƙare. Na ce bai yi shekara bakwai yana takowa ta Chadi da Sudan ba don zuriyarsa su dawwama da mutane a ka. Ya miƙe ya shige cikin gida, ya bar ni da baƙinsa.

To tun daga ranar gari ya ɗauka. Wai na raina sana'ar da ake samun lada da ita, wai Misirawan da suka koya mini wasa sun juya mini kai. Mahaifiyata, Hajiya Ummulkhairi, aminiyar Ɗaso matar Baba Rabe ce, ta ce na sa ba ta iya shiga gidan suna. In na gaishe ta, bango take kallo ta amsa. Wannan kam yana cin raina, ba zan ɓoye maka ba.

Amma ni ban ga ƙaryar da na yi ba. Wuyan nan kowa yana ganinsa. Mu Hausawan Makka har yaushe za mu zama sai ɗauka, sai ga-ruwa, sai shara, 'ya'yan wasu suna riƙe alli? Yaron nan cikin shekara uku malami zai zama. Waɗanda ke zagina, wa ya taɓa kai ɗan wani makaranta a cikinsu? Hadi har yanzu yana zuwa da asuba, ya ce duk abin da na yanke shi ke nan. Mudir ya ce tunda ya haura sha takwas, in na tsaya masa na sa hannu, za a karɓe shi ko ba yatsan uba, akwai gado ma a ɗakin kwanan ɗalibai. Na riga na ƙudura, ranar ɗaya ga Rajab sunansa na cikin takardata, ko sama da ƙasa za su haɗe. Abin da nake so ka gaya mini shi ne yadda zan yi mutanen nan su sauko, musamman mahaifiyata.

Naka,
Mai Neman Dogo, Tandabawi, Makka.

AMSA

Wa alaikumus salam, Mai Neman Dogo.

Hausarka ba laifi, zuciyarka ce ke da zafi. Ban san ƙwallon kwando ba, amma na san shibriyya, don a kanta aka yi wa mahaifiyata ɗawafi shekarar da na kai ta, ina biye a gefe gabana na faɗuwa har aka sauke ta lafiya. Ban san sunan mutanen ba, amma har yau ina sa su a addu'a.

Inda kake da gaskiya zan ba ka. Karatun malanta alheri ne, takardar yaro ba ta kamata ta ruɓe a akwati ba, kuma maganar wuya ba ƙarya ba ce. Sai dai na karanta wasiƙarka sau biyu, na ga Jidda ta riga karatun Hadi zuwa bakinka da nisa. Ka tambayi kanka, da Hadi gajere ne, da wuyansa ya dame ka? Ba zagi ba ne, ɗan Adam ne kai, kaye kuma da ciwo. Amma kada ka rufe wannan buƙata da rigar taimako.

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Wata uku ka yi kana yawo da igiya don gurbin mutum ɗaya, amma ka kasa gane dattijon da ya yi shekara biyu yana jiran cike nasa. Duk Makka ba wanda ya kamata ya fahimci Baba Rabe kamarka. Kai in ka rasa dogo kofi za ka rasa, shi abincin gida uku. Ka horar da ɗansa a ɓoye, ka aika masa takarda ta hannun yaro kamar mai karɓar haraji, sannan ka tona ciwon jikinsa a gaban baƙinsa. Gaskiyar magana ba ta wanke wannan.

Ga abin da nake gani. Ka fara da mahaifiyarka, ka ce mata ka yi kuskure, ka roƙe ta ta shiga gaba wurin Ɗaso. Sannan ka ɗauki dattijon da Baba Rabe ke jin nauyinsa, ku je ban haƙuri, ka bar takardar a gida, ranar kada a ta da maganar makaranta. Durƙusa wa wada ma ba gajiyawa ba ne, balle sa'an mahaifinka.

Bayan nan ka yi masa aikin da ka iya. Kai ka auna dogayen garin. Wanda ke kauce wa ƙwallo wataƙila wuyansa ƙarfe ne. Ka kawo su Baba Rabe ya gwada da kansa, ya zaɓi wanda zai maye gurbin Hadi, kada ka zaɓar masa. Ka kuma sa mudir ya rubuta cewa wurin karatun Hadi yana nan ko ya karye, ko wasa ya ƙi shi, kuma a sake shi ya taya gida a goman ƙarshe na azumi da lokacin mausim. In mudir ya ƙi rubutawa, ka san tsayin Hadi kawai ake so.

Shi Hadi, cewa duk abin da ka yanke shi ke nan ba zaɓi ba ne, biyayya ce ta sauya maigida. Ka sa wani wanda ba kai ba ya tambaye shi abin da yake so.

In ka yi duk wannan Baba Rabe ya yarda, alhamdu lillahi. In bai yarda ba har Rajab ya kama, ka miƙa sunaye goma sha ɗaya, ka ci gaba da lallashi zuwa baɗi. Na san za ka ce Jidda za ta sake cin ku. Ta ci. Kaye ana rama shi wata shekara. Amma in ka sa hannun nan a madadin uba yana raye, ranar wasa za a tafa muku, a watse, kai ka koma gidanku mahaifiyarka ta zuba maka abinci ko tana fushi. Hadi kuma wace ƙofa zai ƙwanƙwasa?

Allah ya sanyaya zuciyarka, ya ba Baba Rabe lafiya, ya zaɓa wa yaron nan abin da ya fi alheri. In ka shiga Harami ka sa mu a addu'a.

Malam Tijjani