Motar da Inna ta Zaɓa

Yaya Asma'u,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau. Yaya maigidan, yaya yara da zaman Fatakwal? Mu nan Tambuwal kowa lafiya lau, sai godiya.

Na sayi motar gidan nan da nake ta faɗa miki, amma Inna ce ta zaɓa. Ranar da na kai ta asibiti Sakkwato, sai munka biya wurin masu sayar da motoci. Raina yana kan wata baƙar jif doguwa. Inna ta ɗaga ƙafa za ta hau, gwiwa ta hana ta. Ta ce, "Umaru, wagga sai da tsani." Munka koma ga wata fara mai kujeru layi uku, wadda ba ta kai waccan tudu ba. Da kanta ta shiga, ba wanda ya riƙe ta. Nan take na ce ita za mu ɗauka. Abokaina suna cewa na bar wadda ta fi kwarjini, amma ni na san abin da na saya.

Ran Juma'a munka ɗebi yara duka munka kai ta Fakku wurin yayanta, Kawu Sani. Rabonsu da juna tun da ta daina hawan babur. Hanya duk taɓo, amma motar ba ta kafe ba. Kawu ba ya gani yanzu. Da ya ji sallamarta sai ya kira sunanta, ya ce, "A'i, ashe zan sake jin muryarki?" Inna ta riƙe hannunsa har la'asar.

Ki sa mu a addu'a, Allah ya tsare mu a hanya, ya ba Kawu sauƙi. Ki gaida mutanen gida duka.

Ƙanenki,
Umaru