Garantin Motata da Sifanonin Baba

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar ƙanwa ga yayanta, da fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da Anti da yara. Allah ya ƙara maka lafiya, ya raba ka da ciwon bayan nan da ka ƙi kai wa likita. Mu ma nan lafiya lau. Ƙafar Umma ta yi sauƙi, har ta koma yi wa kowa faɗa, ka ga kuwa ta warke ke nan. Auta ta gama jarrabawa, yanzu ba ta da aiki sai barci da latsa waya.

Na zaɓi in rubuta ne domin in na kira ka dariya za ka yi ta yi, ni kuwa raina a ɓace yake. Ka san na sayi sabuwar mota, bayan shekara shida ina ɗaure ciki. Tsohuwar sau uku tana mutu mini a hanyar asibiti, ga marasa lafiya suna jirana, ga shugabar nas-nas tana duban agogo. Na ɗauka ranar da na karɓi makulli wahalata ta ƙare. Ashe mai sayarwar yana da sauran magana. Ya zaunar da ni a ofishinsu mai sanyi kamar firji, ya turo mini wata takarda, wai ƙarin garanti. Kamfani ya ba ni shekara uku kyauta, in na biya kusan albashina na wata biyu sai su ƙara mini huɗu. Ya ce mako biyu gare ni in yi shawara, amma tun daga ranar kullum sai ya kira ni, har ya fi Umma tambayar lafiyata.

Baban yara na ba takardar ya duba, tunda shi ne mai karatun ƙananan rubutu a gidan. Ran Litinin ya ce kada in kuskura, cuta ce tsagwaronta: ba taya, ba birki, ba batir, duk abin da ke lalacewa a mota sun zame sun bar ni da shi. Ran Laraba wani abokin aikinsa ya ba shi labarin yadda kwamfutar motarsa ta ƙone wata biyu bayan ƙarewar garanti, sai ga shi ya dawo gida yana cewa in yi maza in sa hannu. Ran Juma'a kuma ya ce ai motata ce, abin da na ga ya dace. Wallahi na so in jefe shi da takardar.

Amma duk wannan ba shi ne damuwata ba. A shafi na uku an rubuta cewa muddin garanti na aiki, ba wanda zai taɓa injin sai garejin kamfani. Ko baƙin mai za a canza, su za su canza, su buga hatimi a littafi. Kai kuwa ka san wanda ya haife mu. Shekara arba'in da biyar Baba yana ƙarƙashin mota, kuma ko da ya rufe garejinsa bai taɓa yarda wani ya ɗora sifana a motar ɗansa ba. Da na gaya masa sharaɗin shekara ukun farko, ya sha mur, ya yi kwana biyu yana amsa gaisuwata da hanci, sannan ya ce to, ya ji, zai jira su gama wasansu, bayan shekara uku motar ta dawo hannun masu ita. Har sababbin sifanoni ya sayo, ƙanana masu ƙyalli, wai irin na motocin yanzu, ya naɗe su a tsohon tawul ya sa a saman kabad ɗin Umma. Maganar ƙarin shekara huɗu ban ma iya fara masa ita ba.

Ran Asabar na bar motar a ƙofar gidansu, na shiga na taya Umma gyaran ɗaki. Minti ashirin, Yaya, minti ashirin kacal. Na fito na tarar bonet a buɗe, rabin Baba a ciki. Wai sandar auna baƙin mai yake nema, ita kuwa motar ba ta da ita, a allon gaban direba take nuna maka. Da bai gan ta ba sai ya shiga lalube, ya cire wata waya ya mayar, ya ce duba kawai ya yi. Ina tayar da motar wata fitila mai ruwan lemo ta kama, ta ƙi mutuwa. Na yi faɗa, ba zan ɓoye maka ba. Na ce masa motar nan ba irin akwalar da ya saba ba ce, in ya jawo aka soke mini garantin ma na kyauta, wa zai biya? Umma ta leƙo ta ce in iya bakina, ubana ne. Shi kuwa Baba ya goge hannu a tsumma, hannun da ko baƙi bai yi ba.

Ran Litinin Baba ya kafe sai ya bi ni garejin kamfani, ya ga abin da za su yi wanda shi bai iya ba. Garejin nan ƙasansa ya fi ɗakin tiyatarmu sheƙi. Bakanikensu ya zo da farar riga, ko bonet bai buɗe ba, ya jona wata na'ura a ƙarƙashin sitiyari, ya dubi allo, ya faɗi wayar da aka cire, da ranar, har da ƙarfe nawa. Na yi tsuru-tsuru ina shirya ƙarya, sai Baba ya ce shi ne. Mutumin ya yi masa ladabi, ya ce wannan karon ba za su rubuta ba, ya danna wani abu, fitilar ta mutu. Baba ya nemi a tayar da injin ya saurara. Ya sunkuya, ya karkata kunne yadda yake yi tun muna yara, ya daɗe a haka, sannan ya miƙe ya ce bai ji komai ba.

Muna fitowa mai sayarwar nan ya tare mu da murmushinsa, ya tambaye ni a gaban Baba ko na yanke shawara kan ƙarin shekara huɗun. Na ji kamar in nutse. Baba ya sa ya maimaita, ya tambayi abin da ya ƙunsa, tambayoyin da ni da baban yara ko a mafarki ba mu yi ba: giya fa, kwamfutar fa, in ta mutu a hanya wa zai ɗauko. Sai na ga yana lanƙwasa yatsu, uku, sannan huɗu. Shekararsa saba'in da biyu, Yaya, kai ma lissafa.

Na ce ba na so, tsada gare shi, mu tafi gida. Ya dube ni, ya ce, "Tausayina kike ji? Sa hannu, Uwata. Hanyarki da nisa, ni kuma motar nan ba na jin maganarta." Na ce sai na ƙara tunani, ya ce ba inda zai motsa. Haka ya tsaya a kaina, kamar ranar da ya kai ni makaranta, har na sa hannu a wuri uku.

To ka ji. Kowa ya ce na yi dabara, baban yara har cewa yake shawararsa ce. Wataƙila kuɗin ba su tafi a banza ba, sai nan gaba za a sani. Ni dai haushi nake ji, haushin mai sayarwar, haushin Baba da ya ƙi yin gardama a ranar da nake so ya yi, da haushin bakina na ran Asabar. Na je na ba shi haƙuri, ya ce ai ba abin da na yi, gaskiya na faɗa, wannan kuwa ya fi zagi ciwo. Jiya Umma ta gaya mini ya daina fita ƙofar gida in ya ji motata ta tsaya, sai dai in same shi a ɗaki.

Ka gaishe mini da Anti, da Babba da 'yar lelenka sarkin surutu. Umma, Auta da baban yara duk suna gaishe ku. Abu ɗaya nake roƙonka: ka kira Baba ran Lahadi. Kada ka tambaye shi jiki, kada ka ambaci motata. Ka ce taka tana wata ƙara in ka taka birki, ko da lafiyarta ƙalau, kuma duk tsawon bayanin da zai yi, kada ka katse shi.

Taka ƙanwa,
Uwar Baba