Taƙin Baba

Yaya,

Yau shekara huɗu da wata biyar rabona da gida. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali. Yaya jikin Baba? Allah ya ƙara sauƙi. Ka gaida Inna, ka ce mata ina cin abinci, ko da yake na san ba za ta yarda ba.

Na ga wasiƙarka. Ka ce hannun Baba ya fara rawa, ya ajiye kayan sassaƙa, ya bar ƙyauren shago ɓari ɗaya da furanni, ɗayan kuwa allon tsakiyarsa fili fetal. Ka ce kullum sai an zaunar da shi yana kallonsa. Kai ba za ka iya ƙarasawa ba, ƙarfinsa ka gada, ba haƙurinsa ba. Ni kuwa ka san abin da ya faɗa a gaban masu sayayya ranar da na ɓata masa katako: wai hannuna gajere ne, ba zai taɓa yin sassaƙa ba. Ban manta ba, ban kuma rubuto don tonon silili ba.

A bayan masana'antar kujerun da nake aiki akwai ɗakin tarkace. Wata bakwai ke nan duk ranar hutu ina haɗa wata na'ura a ciki. Ƙirarta ƙarfen tsohon gado ne. Na ciro ƙananan motoci uku masu juyawa da lantarki daga matattun injinan fotokwafi da na samo a waje: ɗaya na kai bakin sassaƙa gaba da baya, ɗaya hagu da dama, ɗaya sama da ƙasa. A tsakiya na ɗaure injin rarake katako na hannu. Tsohuwar kwamfuta ke ba su umarni. Ka zana mata fure, ta sassaƙa maka fure. An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ni dai na yi rarrafen, amma da lantarki.

Ka yago mini shafin littafin Baba mai zanen allon nan ka aiko. Kada ka gaya masa.

Ƙaninka,
Gajere

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina gajiya, ina jikin Baba?

Zanen ya iso, har da tabon man gashin Inna a gefe. Na kwafe shi cikin kwamfuta layi-layi. Baba ya rubuta tsawo taƙi shida, faɗi taƙi uku. Na'ura ba ta san taƙi ba, sai na auna da ma'auni na ba ta lamba.

Da farko na ce ta yi da'ira, ta yi mini ƙwai. Ashe ƙarfen gadon ne ke lanƙwasa in ta ja. Na ƙara masa matokarai biyu. Ta karya mini baki huɗu kafin na gane gudu nake sa ta, kamar yadda Baba ke cewa ina yi. Da na rage mata, ta yi awa tara tana kuka, ƙura ta cika min hanci, furanni suka fito ɗaya bayan ɗaya. Ban ji komai a raina ba. Na share na tafi.

Na ba direban da ke zuwa wajenku allon, a naɗe cikin bargona. Ka sa shi a ƙyauren kafin a fito da Baba.

Maigidanmu ya leƙo ya ga aikin. Ya yi ta zagaya na'urar yana shafa gemu. Washegari ya ce ɗakinsa ne, ƙarfensa ne, wutarsa ce, don haka na'urarsa ce, kan kujeru za ta riƙa yi masa. Ban so ba, amma bai yi ƙarya ba. Kayan aro ba ya rufe katara. Mun shirya: ya riƙe abin da na tsinta a gidansa, in kwance abin da na shigo da shi.

Naka,
Gajere

Yaya,

Ina gaisuwa. Na ji sauƙin Baba, alhamdulillahi.

To, allon ya gaza da yatsa uku a tsawo. Ba laifin na'ura ba ne, abin da aka gaya mata ta yi. Ni ne na buɗe hannuna a kan ma'auni na ce ga taƙi. Ban tuna cewa taƙin mai littafin nake nema ba.

Ka ce Baba ya shafa furannin da yatsunsa har ƙasa, ya sake dawowa sama, yana neman inda aka yi kuskure bai samu ba. Sannan ya sa hannu a giɓin ya yi dariya har da tari, ya ce ko ba a faɗa ba ya san aikin wane ne. Na kuma ga takardar da ya sa ka zana hannunsa a buɗe. Layin ya yi rawa wajen babban yatsa, amma ya aunu. Nasa santimita ashirin da uku ne. Nawa ashirin da biyu. Gaskiyarsa, hannuna gajere ne. Sai dai ban san a kan santimita ɗaya na bar gida ba.

Ba halin in sake wani allon a nan, na'urar tana hannun mai ita, kuma babu motoci a jikinta. Na yi sallama da shi lafiya. Ka share mini kusurwar shagon nan ta wajen taga, ka nemi tsohon gado mai kauri. Ka ce wa Baba kada a cike giɓin, kada kuma ya yi gaggawa. Wata biyu nake buƙata.

Ga abin da na tsira da shi a shekarun nan: motoci uku, injin rarake ɗaya, tsohuwar kwamfuta ɗaya, baki biyu da ba su karye ba, yatsu goma cif, da takarda ɗaya mai hannun Baba.

Ƙaninka,
Gajere