Ranar da Ƙasa Ta Motsa Ina Riƙe da Gwangwaninki

Assalamu alaikum, Inna.

Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin wanda kika koya mini, ina fata kina cikin rahamar Ubangiji. Na san ba za ki karanta wannan wasiƙa ba. Ko da kina raye ma, sai dai ƙanwata Talatu ta karanta miki, kina tsayar da ita kina cewa, "Maimaita, me ta ce?" Amma wata biyar ke nan da rasuwarki, labari ya taru mini a baki, ba ni da wanda zan ba sai ke.

Ban zo jana'izarki ba, Inna. Ban zo sadakar uku ba, ban zo ta arba'in ba. Ina nan Dubai, a unguwar Deira, a kicin ɗin Hajiya Balaraba da ke hawa na biyar, ina toya masa wa 'yan kasuwar da ke zuwa sayayya daga gida. Ba mugunta Hajiya ta yi mini ba. Masar nan ce ke kawo mata mutane, kuma babu mai iya yin ta sai ni. Ta rungume ni muka yi kuka tare, sannan ta ce, "Asabe, ranar da kicin ɗin nan ya iya masa ba ke, ranar zan sa miki hannu a takardar hutu."

Wadda za ta riƙe mini wurin ita ce Rifkatu, 'yar Kafanchan, mai kirki da tsokana. Ta yi makarantar girki, komai nata sai da sikeli. Ni kuwa kin san inda karatuna ya tsaya. Ni da gwangwaninki na san awo, gwangwanin madarar nan mai lotsawa a gefe, wanda kika cusa mini a jaka ranar da zan bar Bauchi kika ce, "Tafi da shi, ya fi ki sanin aikin."

Rifkatu ta ce, "Yaya Asabe, ki bar mini gwangwanin mana, shi ke nan, khalas." Na ce mata ko uwar kuturu ta yi kaɗan. Shi kaɗai ne abin da hannunki ya taɓa a duk ƙasar nan. Hajiya ma ta ce takarda take so, a rubuta komai da giram, don ma'aikata suna zuwa suna tafiya.

Inna, garin nan ba su san mudu ba, ba su san tiya ba. Farkon zuwana na shiga wani shago a Al Ras na ce a auna mini shinkafa mudu uku. Mai shagon ya yi ta kallona, yana cewa, "Kilo, habibti, kilo!" Atamfa ka ce yadi, su ce mita. Zafi ma lamba gare shi. Mu da muka san rana ta take, ko rana ta yi sanyi, su sai su duba waya kafin su san ko gumi suke yi. Shekara huɗu ina lallaɓawa a haka, ina nuni da hannu, har wannan takarda ta tsare ni.

Na zauna na yi yadda aka ce. Na ɗora gwangwaninki a sikeli, na zuba shinkafa a hankali kamar mai zuba kwalli, don kada lambar ta ruɗe. Ta nuna giram ɗari da talatin da biyar. Rifkatu ta ninka sau ashirin, ta rubuta. Muka auna ruwa, muka auna sukari da yis da shinkafar da ake dafawa a haɗa. Washegari ta bi takarda tiryan-tiryan. Ƙullu ya fito tsululu, masa ta kwanta a tanda kamar fatar ganga. Wani Alhaji ɗan kasuwar Kantin Kwari ya ɗaga guda ɗaya ya ce, "Hajiya, wannan masa ce ko faifai?"

Sau uku muna gwadawa, sau uku tana ƙi. Idan ni na auna da hannuna, ta tashi fam kamar taki. Idan aka bi takarda, ta ƙi. Har na fara zargin Rifkatu a zuciyata, Allah Ya yafe mini. Daga baya na fara zargin kaina. Na ce ko fushi kike yi da ni, Inna, don ban zo ba. Wannan tunanin ya fi komai ci mini rai.

To, ranar Larabar da ta wuce, kafin azahar, na sake ɗora gwangwanin a sikeli, na cika shi daidai baki. Na ɗauke hannuna, amma lambar ta ƙi tsayawa, sai hawa take tana sauka. Na ce shi ke nan, sikelin ma ya bi sahu. Sai na ga ludayan da ke rataye suna lilo, babu iska. Ruwan da ke cikin baho yana kai-komo. Na ɗauka jiri ne, don ban karya ba. Sai Rifkatu ta yi ihu, "Yesu! Yaya Asabe, ƙasa ce!"

Inna, na taɓa jin labarin girgizar ƙasa, an ce takan taso daga ƙasar Iran, ta tsallako teku ta taɓa dogayen benayen nan. Amma ji daban, gani daban. Abin da ka taka tun kana rarrafe, ka yarda da shi fiye da kowa, shi ne yau yake motsi a ƙarƙashin ƙafarka. Salati kawai nake yi. Hajiya ta kashe gas tana cewa, "Yalla, yalla, ban da lif, ku bi matakala!"

Kowa ya ɗauki abin da ya fi so. Hajiya ta ɗauki jakar fasfo. Rifkatu ta ɗauki waya, ta bar takalmi. Ni ban san lokacin da na sure gwangwaninki ba. Na rufe bakinsa da tafin hannu, na sauko hawa biyar a guje, yana manne da ƙirjina.

Muka tsaya a titi da Indiyawa da 'yan Pakistan da Larabawa, kowa ya ɗaga kai yana kallon gini. Babu abin da ya faɗi, babu wanda ya ji ciwo, alhamdulillahi. Mutane suna duba waya suna faɗin wata lamba, wai ita ce ƙarfin girgizar. Na ce a raina, ita ma sun auna ta ke nan. Rifkatu ta dube ni, tana haki tana dariya, ta ce, "Mutane na ceton rai, ke kina ceton shinkafa!"

Sai na ɗaga tafin hannuna. Ko ƙwaya ɗaya ba ta zube ba, amma shinkafar da na cika daidai baki ta yi ƙasa, har ina ganin tsatsar cikin gwangwanin. Gudun da na yi ne ya zazzage ta, ta zauna.

A nan na gan ki, Inna. Na gan ki a tsakar gida kan tabarma, kin kamfato shinkafa, kin buga gindin gwangwani a gefen turmi sau uku, ƙwas, ƙwas, ƙwas, sannan kin ƙara ɗan tafi a kai. Na ji muryarki kina cewa, "Awo ba ya son rowa, a bar shi ya zauna tukuna." Ashe hannuna ya ɗauki wannan bugun tun ina yarinya, yana yi ban sani ba. Ranar da na tsaya gaban sikeli ina taka-tsantsan ce kawai na bar shi. Ba fushi kike yi ba. Ni ce na tauye miki awo.

Na tsuguna a bakin titi na yi kukan da ban yi ba tun ranar da Talatu ta bugo waya da labarin rasuwarki. Wata tsohuwar Ba'indiya ta ɗauka tsoro ne, ta yi ta shafa bayana tana miƙo mini ruwa.

Da aka ce a koma, na hau. Na cika gwangwani, na buga sau uku a gefen tebur, na ƙara tafi, na ɗora. Giram ɗari da hamsin. Rifkatu ta lissafa ta ce a gwangwani ashirin, shinkafar gwangwani biyu cur muke ragewa, ruwa kuwa yana nan yadda yake. Ta soke tsohuwar lambar. A ƙarƙashin sabuwar ta rubuta da hannunta, "Awon Inna." Ban sa ta ba.

Washegari ban taɓa komai ba, na zauna a kujera na harɗe hannu, Rifkatu ta bi takarda ita kaɗai. Masa ta kumbura a tanda, gefenta ya yi ja, cikinta fari sol. Alhajin nan ya cinye faranti biyu bai ce uffan ba, kin kuwa san shirun mai ci yabo ne. Da la'asar Hajiya ta sa hannu a takardar hutuna.

Ranar Asabar zan taso, in Allah Ya yarda. An ce kada jakata ta wuce kilo ashirin da uku, yanzu na san abin da hakan ke nufi, har na auna ta da kaina. Zan shiga ɗakinki in zauna. Zan gaida maƙwabtan da suka yi miki wanka, in yi musu godiyar da na makara da ita. Ranar Juma'a kuma zan hura wuta a murhunki, in toya masa in raba sadaka a ƙofar gida, inda kika saba zama. Talatu ta ce turmin yana nan inda kika bar shi.

Allah Ya jiƙan ki, Inna. Ya yalwata makwancinki, Ya sanyaya ƙasar da kike ciki, kada ta motsa miki sai da alheri. Yadda ba ki taɓa tauye wa kowa awo ba, Allah Ya cika miki naki, Ya ƙara miki tafi a kai. Amin.

Taki har abada,
'yar farinki da kunya ta hana ki kiran sunanta,
Asabe