Ragon sunan da Yaya Barau ya je yankawa

Beltsville, Maryland
6 ga Fabrairu, 2016

Zuwa ga Yaya Haula,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki lafiya, ke da yara da duk mutanen Funtuwa. Matar ɗana Khalil ta sauka lafiya kamar yadda kuka ji, yaro ya ci sunan Bashar, yana ta tsotso abinsa. Sauran maganar kuwa, ki nemi wuri ki zauna kafin ki karanta, domin mijinki, Yaya Barau, ya hana ni faɗa miki a waya.

Kin san 'yata Aliyya karatun yanayi take yi a jami'a. Tun ana saura kwana biyar suna ta ɗora kwamfuta a kan teburin cin abinci tana nuna mana taswira. Ta ce na'urorin hasashe na Turai da na Amurka, waɗanda ba kasafai bakinsu ke zuwa ɗaya ba, duk sun yarda. Sanyi mai nauyi ya gangaro daga Kanada ya zauna a kanmu, iska mai laima kuma tana tasowa daga kudu, in suka haɗu a gaɓar teku ranar Juma'a dusar ƙanƙara za ta binne gari. Juma'ar nan kuwa ita ce kwana bakwai. Ta roƙi a ɗage yanka zuwa kwana goma sha huɗu, tunda gonar da ake sayen rago tafiyar awa biyu ce a cikin Virginia.

Kin fi ni sanin halin Yaya Barau. Da safen Juma'a ya fita ƙofar gida, ya ɗaga kai, ya juya fuska yana jin iska. Ya dawo yana dariya, ya ce daga arewa maso gabas take busowa, kuma shekara hamsin yana noma bai taɓa ganin wannan iska ta kawo ko ɗigo ba. Ya ce ba zai ƙetaro teku don sunan jika ba, sannan a wayi gari babu jini saboda zanen yara. Aliyya ta amsa masa da Turanci cewa a nan gabas teku ne, wannan iskar ita ke ɗebo ruwan. Ni kuma na daka mata tsawa a gaban mutane, na ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Ni na miƙa wa Khalil makullin mota da hannuna.

Shi da Yaya sun isa gonar lafiya, sun yanka, amma layi ya riƙe su har azahar. Khalil ya ce suna kama hanya sama da ƙasa suka haɗe, iska na dukan motar tana watsa ƙanƙara a gilashi, bai ganin ko tsawon taku goma. Wajen la'asar, a wata gangara, babbar mota ta sulale a bayansu. Ta daki motarsu, ta juya ta, ta matse ta da ƙarfen gefen titi. Gilashi ya tarwatse a fuskar Khalil, ƙarfen ƙofa ya lanƙwaso ya danne ƙafar Yaya ta dama ya murƙushe ta. Naman ragon ya watse a titi, Khalil ya ce ya kasa bambance jinin dabba da na kawunsa. Da bel ɗin wandonsa Khalil ya ɗaure masa cinyar. Awa uku suka yi a haka, ƙanƙara na shiga ta tagar da ta fashe, kafin 'yan kwana-kwana su iso su yanka ƙarfen.

Khalil ya samu ɗinki a goshi, ya warke. Yaya yana da rai, yana ci yana sha, har yana tsokanar masu jinya. Amma likitoci sun yi kwana huɗu suna fama, a na biyar suka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Ƙaddara ta riga fata, na sani, sai dai zuciyata ba ta bar ni na fake da ita ba. Aliyya ce ke kwana a wurinsa, ba ta taɓa cewa ai na faɗa ba, ni kuwa har yau ban iya haɗa ido da ita.

Yaya ya ce a bari sai ya sauka a Kano ƙarshen Maris ki gani da idonki. Na saɓa masa ne saboda na san abin da ba zai iya ɗauka ba, wato ya ga hawayenki a gaban jama'a. Ki yi kukanki yanzu, Yaya Haula, ki yi shi ya ishe ki, ranar da zai fito a kan keken guragu ki tarbe shi da busasshen ido.

Ki gaida Gwaggo Tabawa, amma a bi ta a hankali saboda hawan jininta. Ki gaida Malam Ɗanjuma da Sa'adatu da yaranta. Ki yafe mini in kin iya.

Taki ƙanwa,
Ɗija