Ba Wanda Ya Buga Ƙofar Inna Ladi

Daren Laraba, ƙarshen damina

Tun ambaliyar da ta ci gidan mahaifina, shekarar da na yi aure, muke da tsari a layinmu na bakin kogi: in ruwa ya taɓa saiwar tsamiya, kowa ya buga ƙofar maƙwabcinsa na dama kafin ya ɗauki ko tabarma.

Shekaranjiya gargaɗi ya shigo wayoyi tun ruwan bai kai tsamiyar ba. Gargaɗin ya riga ni sani, ban musa ba. Kowa ya kwashi iyalinsa ya haye Unguwar Sarki. Inna Ladi mai daddawa ba ta da waya, ga nauyin kunne. Ruwan ya same ta a ɗaki. Yau muka binne ta, Allah ya jiƙanta.

A maƙabarta na tare ɗana Sani, don ita ce a damansa. Ya ce, "Baba, wallahi na tura saƙo a guruf ɗinmu na waya, kowa ya gani." Na ce, "Har ita?" Ni ma da nake faɗan, ƙofar wa na buga?

Gobe bayan asuba zan bi gida-gida, duk marar waya in haɗa shi da wanda zai tashe shi. Su ce tsoho ya ruɗe, ban damu ba.